Likita Thomas Addison, ɗan mai kanti da ya gano cutar saman ƙoda

Yau za mu waiwayi rayuwar likita Thomas Addison na ƙasar Ingila. An haife shi a Longbenton kusa da Newcastle, kuma mahaifinsa ɗan kasuwa ne kamar ku, yana saida gari da kayan masarufi. Da wannan sana'a aka yi masa karatu har ya zama likita a Edinburgh a 1815, daga baya ya kama aiki a asibitin Guy da ke Landan.

A can ya lura da wasu marasa lafiya: kasala ta kwantar da su, bugun zuciya ya yi rauni, ga amai, fata kuma sai ƙara duhu take. Bayan sun rasu aka duba gawa, sai aka tarar wasu ƴan ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda kamar hula sun lalace, galibi tarin fuka ne ya cinye su. Ya wallafa bayanin mutum 11 a 1855, cutar kuma ta ɗauki sunansa.

Shi bai san abin da ƙullutan ke yi ba. Sai bayansa aka gano sinadarin kotizol suke fitarwa, wanda ke riƙe ƙarfin jini idan ciwo ya tsananta. Yanzu likitoci kan auna shi a jini, su yi allurar da ke zaburar da ƙullutan, su sāke awo bayan minti 30 da 60.

Nan ne zancen ya iso Sae Sabuwa. Da yawa daga cikin man bilicin da ƙwayoyin ƙiba da ke yawo a kasuwanninmu na ɗauke da dangin wannan sinadari. Mace ta daɗe tana amfani da su, sai ƙullutan su yi barci. Ranar da zazzaɓi mai tsanani ko tiyatar haihuwa ta zo, jiki ya nemi kotizol ya rasa, jini ya faɗi. Idan an kai ki asibiti a Maraɗi, ki gaya wa likita abin da kike shafawa ko sha. A ganinmu kunya ba ta da wuri a nan. Daina su farat ɗaya ma haɗari ne.

Addison bai ga ranar maganin ba, don sai a 1948 aka fara ba majinyaci kotizon. Ciwon damuwa ya addabe shi har ya ajiye aiki, ya hallaka kansa a Brighton ranar 29 ga Yuni 1860.