Elena Mukhina

Elena Vyacheslavovna Mukhina (da Rashanci: Елена Вячеславовна Мухина, an haife ta ranar 1 ga watan Yuni, 1960, ta rasu ranar 22 ga watan Disamba, 2006) 'yar wasan jimnastik ce ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Ita ce ta zama zakarar duniya ta mata a shekarar 1978, a gasar da aka yi a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Tana cikin waɗanda aka sa ran za su ci zinare a gasar Olamfik ta Mosko a 1980, amma saura mako biyu a buɗe gasar ta karye a wuya a wurin atisaye, jikinta ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. A haka ta yi sauran shekaru 26 na rayuwarta. Haruffan "kh" da ke cikin sunanta sauti ɗaya ne, irin na خ a Larabci, don haka furucin sunan ya fi kusa da Muhina.

Farkon rayuwa

An haifi Mukhina a birnin Mosko. Tana 'yar shekara biyar mahaifiyarta ta rasu a wata gobara da ta tashi a gidansu, daga nan kakarta ta ɗauke ta ta raine ta. Ta fara jimnastik tun tana ƙarama, daga baya ta shiga ƙungiyar wasanni ta sojoji, wato CSKA ta Mosko. A shekarun farko ba ta cikin yaran da ake nunawa da yatsa. Lamarinta ya sauya ne bayan da koci Mikhail Klimenko ya karɓe ta. Klimenko ya taso ne a ɓangaren maza, kuma ya shigo da tunanin wasan maza cikin horon da yake ba ta: alkafura masu wuya, da juyi da yawa a sama kafin a dira. Wannan ne ya ɗaukaka ta, kuma shi ne daga baya ya jefa ta cikin haɗari.

A jimnastik na mata ana fafatawa a kan abubuwa huɗu: tsallaken doki, sanduna biyu masu bambancin tsayi, siririn katako mai faɗin santimita 10, da kuma wasan ƙasa, wanda ake yi a kan shimfiɗa mai mita 12 a kowane gefe, tare da kiɗa. Kowanne yana da lambobinsa, amma babbar lamba ita ce ta gaba ɗaya, wadda ake bai wa wadda makinta ya fi yawa idan an haɗa duka huɗun.

Gasa da Romaniya

Ba a fahimtar tarihin Mukhina sai an san halin da jimnastik ɗin Sobiyet ya shiga a 1976. Tun daga 1952 matan Sobiyet ke lashe zinaren ƙungiya a kowace gasar Olamfik, kuma sun sake lashe shi a Montreal. Sai dai a can ne Nadia Comăneci ta Romaniya, yarinya 'yar shekara 14, ta sami cikakken maki 10 har sau bakwai, ta ɗauke zinaren gaba ɗaya da na sanduna da na katako. Ga hukumomin wasanni na Mosko wannan abin kunya ne, musamman da yake ƙaramar ƙasa ce daga cikin ƙawayensu na gurguzu ta yi musu haka. Aka shiga neman yarinyar da za ta iya doke Comăneci. Mukhina ba ta je Montreal ba, amma cikin shekara guda ta shiga sahun gaba na waɗanda ake dogaro da su.

A gasar zakarun Turai ta 1977 a birnin Prag ta zo ta biyu a gaba ɗaya, bayan Comăneci. Ta ci zinare a sanduna da katako da wasan ƙasa, sannan ta sami tagulla a tsallaken doki. Ana tunawa da wannan gasa saboda wani abu daban: ana tsakiyar wasannin ƙarshe tawagar Romaniya ta fice daga zauren bisa umarnin shugaba Nicolae Ceaușescu, don nuna rashin amincewa da yadda alƙalai ke ba da maki. Saboda haka wasu suka ga kamar ba a gwada Mukhina da Comăneci yadda ya kamata ba.

Strasbourg, 1978

Gwajin ya zo a watan Oktoba na 1978, a gasar zakarun duniya. Matan Sobiyet suka lashe zinaren ƙungiya, kuma a gaba ɗaya suka kwashe matsayi ukun farko: Mukhina ta ɗaya, Nelli Kim ta biyu, Natalia Shaposhnikova ta uku. Comăneci, wadda ta faɗo daga kan sanduna, ta ƙare a ta huɗu. A wasannin ɗaiɗai Mukhina ta raba zinaren wasan ƙasa da Kim, ta sami azurfa a katako bayan Comăneci, da wata azurfar a sanduna bayan Marcia Frederick ta Amurka. Lambobi biyar ke nan a gasa ɗaya, tana da shekara 18.

Abin da ya bambanta ta shi ne wahalar abubuwan da take yi. A wasan ƙasa tana yin alkafura biyu ta baya a tashi ɗaya, gwiwoyi a naɗe, tare da murɗa jiki zagaye guda cikakke. A kan sanduna ta ɗauki tsallen baya da Olga Korbut ta shahara da shi, inda 'yar wasa ke tsayawa a kan doguwar sanda ta yi alkafura ta sake cafke ta, ta ƙara masa murɗawa guda. Duk da haka ba ta rasa laushin jiki da salon rawar bale da aka san makarantar Sobiyet da su ba. Wanda ya kalli hotunan bidiyon Strasbourg zai ga 'yar wasa mai natsuwa, wadda ba ta cika murmushi ba, tana haɗa abubuwa biyun da ba kasafai ake samun su a mutum ɗaya ba a wancan zamani.

Karayar ƙafa

Shekarar 1979 ba ta yi mata kyau ba. A gasar Turai ta Copenhagen Comăneci ta dawo da ƙarfinta ta lashe gaba ɗaya, ita kuwa Mukhina ta tsira da zinaren sanduna. Daga baya a cikin shekarar ta karye a ƙafa, abin da ya hana ta zuwa gasar duniya ta Fort Worth a Amurka a watan Disamba. A can Romaniya ta ƙwace zinaren ƙungiya daga hannun Sobiyet, saura wata bakwai a yi Olamfik a Mosko. Matsin ya ƙaru a kan kowa, musamman a kan zakarar 1978 da ke kwance da filasta a ƙafa.

Bisa bayanin da ita kanta ta yi daga baya, an cire mata filastar kafin lokaci duk da ta nuna ba ta yarda ba. Da aka ɗauki hoton ƙashin aka ga bai haɗe ba, sai aka yi mata tiyata. Ba ta gama warkewa ba aka mayar da ita atisaye, tare da tilasta mata rage ƙibar da ta yi lokacin jinya. Ta koma fili a gajiye, kuma ƙafar da take tashi da ita ba ta da ƙarfinta na da.

Alkafurar Thomas da haɗarin Minsk

A cikin wannan hali ne aka sa ta koyon wani sabon salo don wasan ƙasa. Ana kiran sa alkafurar Thomas, da sunan Kurt Thomas na Amurka, wanda ya ci zinaren wasan ƙasa na maza a Strasbourg ɗin da ita ma ta yi nasara. Ɗan wasa yana tashi ta baya, ya juya sau ɗaya da rabi, ya murɗa sau ɗaya da rabi, sannan maimakon ya dira da ƙafa sai ya sauko da kai a gaba, ya tari ƙasa da hannuwa ya mirgina ta kan kafaɗu. Haɗarin a fili yake. Idan tsallen bai yi sama sosai ba, ko juyin ya gaza da ɗan kaɗan, haɓa ko ƙeya ce za ta fara taɓa ƙasa, nauyin jiki duka ya sauka a kan wuya. Salo ne da ke buƙatar ƙafa mai ƙarfi, abin da Mukhina ba ta da shi a lokacin. Ta bayyana cewa ta sha faɗa wa kocinta za ta karya wuya a kan wannan salo, shi kuma bai ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Ranar 3 ga watan Yuli, 1980, tawagar tana sansanin atisaye a birnin Minsk. Klimenko ba ya wurin a ranar. Mukhina ta gwada alkafurar, juyin bai cika ba, ta sauka a kan haɓarta. Ƙashin wuyanta ya karye, lakarta ta lalace, nan take hannuwa da ƙafafu suka daina motsi. Shekarunta 20 da wata ɗaya. Daga baya ta ce abin da ya fara zuwa mata a rai tana kwance a ƙasa shi ne sauƙi, don ba za ta je Olamfik ba.

An buɗe gasar ranar 19 ga watan Yuli. Matan Sobiyet suka ci zinaren ƙungiya, Yelena Davydova ta lashe gaba ɗaya, Comăneci ta raba azurfa da Maxi Gnauck ta Jamus ta Gabas. Wato abin da aka matsa wa Mukhina a kansa ya samu ba tare da ita ba.

Bayan rauni

Hukumomin Sobiyet ba su fito da gaskiyar halin da take ciki ba. An daɗe ana jin labarai masu karo da juna a ƙasashen waje, kuma bayanan da jami'ai suka bayar sun rage girman raunin, wasu ma suka ɗora mata laifin cewa ita ce ta gwada abin da ya fi ƙarfinta don ta sami gurbi a tawaga. Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba ta lambar girmamawa ta azurfa, kuma shugabansa Juan Antonio Samaranch ya ziyarce ta a gida.

Ta zauna a Mosko tare da kakarta, ba ta cika karɓar 'yan jarida ba. Sai a zamanin Mikhail Gorbachev, da aka sassauta wa kafofin yaɗa labarai, ta yi doguwar hira da mujallar Ogonyok a 1988. A ciki ta soki tsarin da ke fifita martabar ƙasa a kan lafiyar 'yan wasa, da likitocin da ke yi wa hukumar wasanni aiki maimakon majiyyaci. Ta nuna cewa raunin nata ba tsautsayi ne kawai ba, abu ne da ake iya hangowa. Ba ta mayar da Klimenko mugu ba. Ta ɗauke shi a matsayin wanda shi ma tsarin ya matsa masa. Shi kuwa ya koma ƙasar Italiya da zama, ya rasu a can a 2007.

Rasuwa da abin da ta bari

Mukhina ta rasu a Mosko ranar 22 ga watan Disamba, 2006, tana da shekara 46, sakamakon matsalolin da suka biyo bayan shanyewar jiki. An binne ta a maƙabartar Troyekurovo.

Hukumar jimnastik ta duniya ta haramta wa mata alkafurar Thomas da sauran tsalle-tsallen da ake sauka da kai a mirgina, daga baya aka cire su daga wasan maza ma. A 2021, lokacin da Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasu wasannin Olamfik na Tokyo saboda ta daina gane inda jikinta yake idan tana sama, jaridu da dama sun sake tono labarin Mukhina. Alkafura biyun nan masu murɗawa guda da ta yi a Strasbourg suna nan a kundin ba da maki na mata da sunanta, kuma har yau ana yin su a manyan gasa.