Babban Gwani, Magini na Zariya

Duk wanda ya san tarihin gini a ƙasar Hausa ya san sunan Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Ya yi zamani a ƙarni na 19, sa'ad da sarakunan Daular Sakkwato ke gina masallatai da fadoji. Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ya sa shi ginin Masallacin Juma'a na Zariya.

Ba shi da siminti, ba shi da ƙarfe. Kayan aikinsa tubali ne na jar ƙasa, da azara, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta iya ci. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida. To, sai ya riƙa dasa azara cikin bango, yana ɗaura wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har na dama da na hagu su gamu a sama. Sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Bango kuwa ya yi masa kauri a gindi, ya rage shi a sama, domin nauyi ya zauna ƙasa.

Ana danganta masa gidan Madaki na Kafin Madaki, a ƙasar Bauchi, wanda aka gina wajen 1860. Tsofaffi suna ba da labari, wai da dare yake aiki, kuma wai wani Sarkin Birnin Gwari ne ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa.

Lalle ba don girgizar ƙasa ya yi gininsa ba, gama ƙasarmu ba ta cika motsi ba. Amma ta motsa a Kwoi a 2016, ta kuma motsa a Mpape, kusa da Abuja, a 2018. Masana gini na ƙasashen girgiza suna koyar da cewa a ɗaure bango da rufi su zama jiki ɗaya, hikimar da ke cikin azararsa ke nan. Sun kuma yi gargaɗi a kan rufi mai nauyi, domin gidajen ƙasa marasa ɗauri ne suka danne dubban mutane a birnin Bam na Iran a 2003.

Masallacin ya tsaya shekara fiye da 170. Ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu. Ashe ko aikin gwani yana bukatar mai dubawa.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe za a tura mu makarantun ƙauyukan Barno, inda ƙasar firgi ke tsagewa da rani, ta kumbura da damina, ta ja bango. In mun ga tsaga a aji, kada mu liƙe ta da taswira. Mu fitar da yara, mu kira magini, mu tambaye shi abin da ya ɗaure bangon da rufinsa.