Tenzing Norgay, Madugun Dutsen Ƙanƙara

Yaron da ya tashi a Bacirawa bai san ƙanƙara ba sai wadda kan zubo wani lokaci tare da ruwan damina, 'yan ƙanana kamar tsakuwa, kafin a gama tsince su sun narke. Amma akwai ƙasashen da ƙanƙara kan lulluɓe duwatsu shekara da shekaru, ta yi tauri har sai da gatari ake sarar ta. A irin wannan ƙasa Tenzing Norgay ya girma.

An haife shi a shekarar 1914, ya tashi a wani ƙauye mai suna Tame, cikin ƙasar Nepal, arewa da Indiya. Mutanen wurin ana ce da su Sherpa. Ubansa talaka ne, makiyayin waɗansu shanu masu dogon gashi da ake kira yak. Tenzing bai iya karatu da rubutu ba har ya bar duniya, ko da yake ya ji harsuna da dama. Tun yana yaro yana kiwo yake hangen Ebarest, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Tsawonsa ƙafa 29,032 ne. In da za a ajiye Dala da Goron Dutse a gindinsa, da sai a ce suri ne.

Da ya kai shekara 19 sai ya bar gida, ya tafi garin Darjilin a Indiya, inda Turawa masu hawan duwatsu ke ɗaukar 'yan alaro. A 1935 wani Bature, Eric Shipton, ya ɗauke shi dako zuwa Ebarest. Daga nan fa ya kama wannan sana'a, har ya zama madugu. Sau shida yana bin ayari zuwa dutsen nan ana komowa hannu banza. A 1952, shi da Raymond Lambert, mutumin Suwizalan, suka kwana cikin tanti ba abin rufa, suna narka ƙanƙara da kyandir su sha. Da gari ya waye suka kai wajen ƙafa 28,200, sannan ƙarfinsu ya ƙare. Kafin su ba wanda aka san ya taɓa kai nan.

Shi dutsen nan ba kowane lokaci ake hawansa ba. Da hunturu iska mai tsanani takan kaɗa a ƙwanƙolinsa, mutum bai iya ko tsayuwa. Cikin watan Yuni kuwa daminar ƙasar takan faɗi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Saboda haka sai tsakani, da bazara, in sanyi ya fara sassautawa. Yadda manomi ke jiran ruwan shuka, in ya yi gaggawa iri ya ƙone, in ya makara ya yi asara, haka masu hawan Ebarest ke jiran waɗannan 'yan makonni.

To, amma sassaucin nan shi ma da nasa haɗari. A gindin dutsen akwai wani gangare da ake kira Kumbu, inda ƙanƙara ke malalowa a hankali kamar kogi, ƙafa uku ko huɗu kowace rana. Garin malalowa takan tsattsage, ta bar ramuka masu zurfi ƙwarai, da curi-curi waɗanda suka fi soro tsawo. Da dare duk sukan daskare su riƙe juna. In rana ta take, sai su yi laushi, wani curi ya rushe, wani rami ya buɗe. Mugun abin shi ne dusar ƙanƙara takan rufe bakin rami, mutum ya taka yana tsammanin hanya ce. Don haka ake sammako a ƙetare wurin, a ɗaure juna da igiya, na gaba yana caccaka ƙasa da ƙotar gatarinsa kafin ya ɗora ƙafa. Wannan ilmi ba a littafi Tenzing ya same shi ba.

Ran 10 ga Maris 1953 ayarin Ingilishi ya tashi daga Katmandu, babban birnin Nepal, Kanar John Hunt ne shugaba, Tenzing kuwa madugun Sherpa. 'Yan dako sun fi 300. Suka yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa, suka yada zango a gindin Kumbu cikin Afrilu, suka shiga gyaran hanya, suna gitta tsani da gungume bisa ramuka.

Wata rana Tenzing yana saukowa tare da Edmund Hillary, wani mai kiwon zuma daga Niyu Zilan, igiya ɗaya ta haɗa su. Hillary ya yi tsalle zai ƙetare rami, sai gefen da ya dira ya ɓalle, ya tafi da shi. Nan take Tenzing ya kafa gatarinsa, ya naɗe igiya, ya tokare. Igiya ta miƙe, Hillary ya tsaya bai kai ƙasa ba. Tun daga ranar Hillary bai so a haɗa shi da kowa ba sai shi.

Mutum biyu aka fara turawa ran 26 ga Mayu, suka kusa, suka komo. Sai aka tura Tenzing da Hillary. Suka kwana a ƙafa 27,900. Da asuba Hillary ya tarar takalmansa sun daskare, sai da aka yi sa'a biyu ana ɗumama su. Suka tashi da ƙarfe 6.30, kowa yana goye da tukwanen iskar shaƙa, domin iskar can ba ta isar numfashi. Da ƙarfe 11.30 na safe, ran 29 ga Mayu, suka taka ƙwanƙolin dutsen. Minti 15 kaɗai suka yi. Tenzing ya binne alewa da wani fensir da 'yarsa ta ba shi, Hillary ya ɗauke shi hoto yana ɗage da gatari mai tutoci.

Labari ya bazu a Landan ran 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Aka ba Hillary da Hunt muƙamin Sir, Tenzing kuwa lambar girma kawai, abin da mutane da yawa suka ga bai yi daidai ba. A 1954 aka buɗe makarantar koyar da hawan duwatsu a Darjilin, aka sa shi babban mai horar da ɗalibai. Can ya zauna har ya mutu ran 9 ga Mayu 1986. Bayan shekara 10 ɗansa Jamling shi ma ya hau Ebarest, ta hanyar da uban ya bi.