Edward Murrow: Ɗan ƙauyen Greensboro da ya tsaya wa ma'aikatan gwamnatin da siyasa ta raba da aikinsu

Duk lokacin da siyasar Amurka ta rincaɓe har ta fara awon gaba da ma'aikatan gwamnati, wasu a kore su, wasu kuma su ajiye aiki da kansu don gudun wulaƙanci, sunan Edward R. Murrow yana daga cikin waɗanda ake tunawa. Duniya ta san shi a matsayin ɗan jaridar da ya kai wa Amurkawa labarin Yaƙin Duniya na Biyu ta rediyo daga birnin Landan. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika ambata ba: har sau uku ƙaddara tana haɗa shi da ma'aikatan da aka raba da abincinsu saboda siyasa, kuma a kowane karo yakan tsaya a bayansu.

Tasowa a gidan katako

An haife shi ranar 25 ga Afrilun 1908 a Polecat Creek, wani ƙauye da ke kudu da birnin Greensboro a jihar North Carolina. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Egbert Roscoe Murrow, kuma shi ne ɗan autansu. Gidan na katako ne, babu lantarki babu famfo, mahaifinsa kuma ƙaramin manomi ne da abin da yake samu bai taka kara ya karya ba.

Iyalin mabiya ɗarikar Quaker ne, wani reshe na Kiristanci da ya daɗe da kafuwa a gundumar Guilford, inda Greensboro take. An san mabiyanta da ƙyamar yaƙi da cinikin bayi, har wasu daga cikinsu a wannan yanki suka riƙa taimaka wa bayi tserewa zuwa arewacin ƙasar tun kafin yaƙin basasa. Mahaifiyarsa Ethel mace ce mai tsananin tarbiyya, wadda ba ta lamuntar ƙarya a gidanta.

Yana ɗan shekara shida iyalin suka yi ƙaura zuwa jihar Washington da ke can arewa maso yamma. A can ya yi aikin ƙarfi a sansanonin masu saran itace don ya tara kuɗin makaranta, a can ne kuma ya sauya sunansa zuwa Edward. Ya kammala kwalejin jihar da ke garin Pullman a 1930, inda wata malama mai suna Ida Lou Anderson ta koya masa sarrafa murya da auna kalma kafin furta ta.

Malaman Jamus da aka kora

Aikinsa na farko ba jarida ba ne. Bayan ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban Amurka ta ƙasa, a 1932 ya zama mataimakin darakta a wata cibiya da ke birnin New York mai kula da musayar ɗalibai da malamai tsakanin ƙasashe.

Shekara guda bayan haka Adolf Hitler ya hau mulki a Jamus. A ranar 7 ga Afrilun 1933 gwamnatinsa ta kafa wata doka da ta yi iƙirarin za ta gyara aikin gwamnati, amma abin da ta yi shi ne sallamar Yahudawa da waɗanda ake zargi da adawa da 'yan Nazi. Da yake malaman jami'a a Jamus ma'aikatan gwamnati ne, dokar ta rutsa da ɗaruruwansu, ciki har da shaihunan malamai da suka shafe shekara da shekaru suna koyarwa.

An kafa kwamitin gaggawa a New York don nema musu mafaka, aka naɗa Murrow mataimakin sakatare, yana ɗan shekara 25. Shi ne ke karanta wasiƙun neman agaji da ke kwararowa daga Turai, shi ne kuma ke bin jami'o'in Amurka yana roƙon su buɗe wa korarrun ƙofa, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, 'yan ƙasa ma ke neman aiki ruwa a jallo. Kafin kwamitin ya kammala aikinsa ya sama wa malamai fiye da 300 gurabe. A nan Murrow ya fara ganin yadda takarda guda mai hatimin hukuma ke mayar da mutum mai daraja ɗan gudun hijira.

Muryar Landan

A 1935 ya shiga kamfanin watsa labarai na CBS, bayan shekara biyu aka tura shi Landan. Lokacin da sojojin Hitler suka mamaye Austriya a watan Maris na 1938, ya ɗauki shatar jirgin sama daga Warsaw zuwa Vienna, ya aika rahoto kai-tsaye a ranar 13 ga watan. Shirin na wannan rana, wanda ya haɗa wakilai daga manyan biranen Turai a lokaci guda, shi ne mafarin salon zagayen labaran duniya da gidajen rediyo ke amfani da shi har gobe.

Da jiragen Jamus suka fara yi wa Landan ruwan bama-bamai a 1940, Murrow ya riƙa hawa saman gine-gine da makirfo a hannu, masu sauraro a Amurka suna jin jiniya da ƙarar bindigogin kakkaɓo jirage. Ya bi jiragen yaƙi har sau 25 zuwa sararin samaniyar abokan gaba. A watan Afrilun 1945 yana cikin 'yan jaridar farko da suka shiga sansanin gwale-gwale na Buchenwald, kuma rahotonsa daga can ya girgiza Amurkawa. Ya koma gida a matsayin mutumin da jama'a suka yarda da maganarsa.

Guguwar McCarthy

Amurkar da ya tarar ta shiga wani irin tsoro. Yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ya kankama, kuma a 1947 Shugaba Harry Truman ya kafa shirin binciken biyayyar ma'aikatan tarayya. A ranar 9 ga Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy na jihar Wisconsin ya yi jawabi a garin Wheeling, inda ya yi iƙirarin yana da sunayen 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Bai taɓa tabbatar da iƙirarin ba, amma ya zama dodo. A 1953 Shugaba Dwight Eisenhower ya ƙara tsaurara binciken.

Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ta samu 'yan leƙen asiri a cikin gwamnatin Amurka a shekarun baya. Amma tarun da aka jefa ya kama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Dubban ma'aikata ne aka sallama, waɗanda suka yi murabus da kansu kuwa sun fi haka yawa, domin zargi kaɗai ya isa ya hana mutum samun aiki a ko'ina.

Ƙwararrun jami'an diflomasiyya masu sanin ƙasar Sin na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa. Laifinsu shi ne sun sanar da Washington tun lokacin yaƙi cewa dakarun Mao Zedong na iya yin galaba. An kori John Service a 1951, sai a 1957 Kotun Ƙoli ta soke korar. An sallami John Paton Davies a 1954 bayan an yi ta bincikarsa ba a same shi da cin amana ba. Masana tarihi da dama na ganin rashin irin waɗannan mutane ya taimaka wajen jefa Amurka cikin yaƙin Vietnam ido rufe.

A farkon 1953 McCarthy ya juya kan Muryar Amurka da hukumar da ke kula da ita. Ya tasa ƙeyar mataimakin shugaban hukumar, Reed Harris, gaban kwamitinsa, ya yi ta titsiye shi kan wani littafi da ya rubuta tun 1932 yana matashi, wanda ya soki yadda jami'o'i ke fifita wasan ƙwallo kan karatu. Harris ya kare kansa iya iyawarsa, amma a ƙarshe ya ajiye aikin gwamnati bayan kusan shekara ashirin yana yi.

Daren 9 ga Maris

A wannan lokaci Murrow da abokin aikinsa Fred Friendly suna gabatar da shirin talabijin mai suna See It Now. Sun fara ne da ƙaramin mutum. Milo Radulovich laftana ne a rundunar sojin sama ta ko-ta-kwana, wanda aka yanke shawarar sallamarsa saboda jaridun da mahaifinsa ke karantawa da kuma ra'ayin siyasar 'yar'uwarsa. An nuna labarinsa ranar 20 ga Oktoban 1953. CBS ta ƙi tallata shirin, sai mutanen biyu suka biya kuɗin talla a jaridar New York Times daga aljihunsu. Bayan kimanin wata guda rundunar ta janye matakin.

Ranar 9 ga Maris na 1954 suka tunkari McCarthy kansa. Dabarar da suka yi ita ce barin sanatan ya yi magana da bakinsa: suka jero hotunan jawabansa, suka nuna inda ya yi tufka da warwara, suka kuma nuna yadda ya ci zarafin Reed Harris. Murrow ya rufe shirin da tunatar da Amurkawa cewa zargi daban, hujja daban, kuma saɓanin ra'ayi da gwamnati ba cin amanar ƙasa ba ne. Ya ƙara da cewa sanatan bai ƙirƙiri tsoron da ke cikin al'umma ba, amfani kawai ya yi da shi, don haka masu yin shiru ma suna da nasu alhakin.

Mako guda bayan haka shirin ya koma kan Annie Lee Moss, baƙar fata kuma bazawara da ke aikin sadarwa a hedkwatar tsaro ta Pentagon, wadda aka zarga ba tare da an nuna mata hujjar ba. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna sunanta ya shiga kundin jam'iyyar kwaminis, kuma har yanzu masana na muhawara a kai. Abin da shirin ya nace a kansa shi ne haƙƙin wanda ake tuhuma ya ga mai zarginsa da shaidar da aka dogara da ita.

Murrow ba shi kaɗai ya kayar da McCarthy ba. Wasu 'yan jarida sun riga shi sukar sanatan, kuma zaman bahasi tsakaninsa da rundunar soji, wanda aka nuna a talabijin a wannan shekara, ya ƙara zubar masa da mutunci. A ranar 2 ga Disamban 1954 Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da shi da ƙuri'a 67 a kan 22. Ya mutu a 1957.

Daga ɗakin labarai zuwa ofishin gwamnati

Nasarar ta zo da tsada. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ya janye a 1955, shugabannin CBS suka gaji da rigingimun da yake janyo musu, aka dakatar da shi a 1958. A watan Oktoban wannan shekara Murrow ya yi jawabi a Chicago yana gargaɗin cewa talabijin za ta zama akwatin banza idan aka bar ta ga nishaɗi da talla kawai. Dangantakarsa da kamfanin ba ta sake gyaruwa ba.

A watan Janairun 1961 Shugaba John Kennedy ya naɗa shi shugaban hukumar yaɗa labaran Amurka a ƙasashen waje, wato USIA, wadda Muryar Amurka ke ƙarƙashinta. Ya karɓi aikin duk da cewa albashin bai kai ko kusa da abin da yake samu a CBS ba. Ɗaya daga cikin matakansa na farko shi ne dawo da Reed Harris, shekara takwas bayan ficewarsa, ya zama babban mataimakinsa. Ma'aikatan da suka tsira daga guguwar 1953 sun fahimci saƙon.

Aikin ya zo daidai da lokacin da ƙasashen Afirka ke samun 'yancin kai, suna kuma kallon yadda ake yi wa baƙar fata a Amurka. A Greensboro ɗin da aka haife shi kusa da ita ne ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960 suka ƙi tashi, lamarin da ya bazu a kudancin ƙasar. Matsayin Murrow shi ne a faɗi irin waɗannan labarai yadda suke, domin wanda aka kama da ɓoye ɗaya ba za a ƙara yarda da sauran ba.

Shi ma kujerar ta gwada shi. A farkon 1961 ya nemi BBC ta fasa nuna wani fim da shi kansa ya shirya kan wahalar 'yan ƙwadagon gonaki a Amurka, don kada ya ɓata sunan ƙasar. BBC ta ƙi, labari ya fasu, ya kuma amsa cewa ya yi kuskure. Haka kuma ya ji zafin yadda ba a shawarce shi ba kafin harin da Amurka ta ɗauki nauyi a kan Cuba a watan Afrilun wannan shekara, amma aka bar masa aikin kare shi a idon duniya.

Ƙarshen rayuwa

Murrow mashayin taba ne na gaske, ba a cika ganinsa babu sigari a hannu ba. A watan Oktoban 1963 likitoci suka cire masa huhu ɗaya saboda ciwon daji. Bayan kisan Kennedy, ya ajiye aiki a watan Janairun 1964. Shugaba Lyndon Johnson ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula, Sarauniya Elizabeth ma ta karrama shi. Ya rasu ranar 27 ga Afrilun 1965 a gonarsa da ke Pawling a jihar New York, kwana biyu bayan ya cika shekara 57. Ya bar matarsa Janet da ɗansu guda.

Labarin ba baƙo ba ne ga 'yan Najeriya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Jama'a da yawa sun yi murna saboda cin hanci ya yi katutu, amma an haɗa da masu gaskiya, kuma masana da dama na cewa tun daga lokacin ma'aikaci ya daina jin aikinsa na da tabbas. Abin da Murrow ya gani a Jamus da Amurka ke nan: idan aka kori ƙwararre ba tare da an saurare shi ba, iliminsa na tafiya tare da shi, waɗanda suka rage kuma su koyi kame bakinsu.

A yau akwai babban titi a tsakiyar Greensboro mai ɗauke da sunansa, haka ma tashar watsa shirye-shiryen rediyo zuwa ƙasashen waje da aka buɗe kusa da garin Greenville na jihar a 1963, lokacin yana shugaban hukumar.