Kiciro Toyoda: Ɗan Mai Ƙera Masaƙa da ya Kafa Kamfanin Toyota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya san sunan Toyota, ko da kuwa bai yi karatun boko ba. Direbobi da kanikawa sun yi ittifaƙi a kan cewa mota ce mai jure wahala, wadda kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Sai dai kaɗan ne suka san cewa mutumin da ya kafa kamfanin ya sauka daga kujerar shugabanci cikin baƙin ciki, a lokacin da kamfanin yake gab da durƙushewa, ya kuma rasu tun kafin motarsa ta yi suna a duniya. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwar wannan mutum, wato Kiciro Toyoda na ƙasar Japan, domin a ga inda kyakkyawan sunan nan ya samo asali.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Kiciro ranar 11 ga watan Yuni, 1894, a wani ƙauye da ke lardin Shizuoka. Mahaifinsa, Sakici Toyoda, ɗan kafinta ne wanda ya duƙufa a kan ƙera masaƙa, har abin ya ɗauke masa hankali daga harkokin gida. Mahaifiyarsa ta bar gidan tun yana jariri, don haka a hannun kakanninsa ya fara tasowa, daga baya ya koma wurin mahaifinsa da matar da ya sake aura. Yaron ya girma ne a cikin ƙarar injuna da ƙurar auduga, kuma tun yana ƙarami ya saba da ganin mahaifinsa yana kwance na'ura yana sake haɗa ta. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya bambanta ɗan da uban shi ne ilimi mai zurfi. Sakici da hannunsa ya koyi sana'a, shi kuwa Kiciro ya shiga babbar jami'ar Tokyo, inda ya kammala karatun injiniyan injuna a shekarar 1920. A 1921 ya tafi Amurka da Turai, ya yi ɗan zama a garin Oldham na Ingila yana koyon aiki a kamfanin Platt Brothers, wanda a zamanin yana sahun gaba a duniya wajen ƙera injunan kaɗi da saƙa.

Darasin Masaƙa

Da ya koma gida sai ya haɗa hannu da mahaifinsa, suka kammala wata masaƙa a 1924 wadda aka sa wa suna samfurin G. Wannan masaƙa tana da halaye biyu. Na farko, idan zaren ƙoshiya ya ƙare, tana sauya wata ƙoshiyar da kanta ba tare da ta tsaya ba. Na biyu, da zarar zare ɗaya ya tsinke, sai ta tsaya cik, don kada ta ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Da haka ma'aikaci guda yake iya kula da masaƙa masu yawa. Wannan hali na biyu, wato tsayar da aiki da zarar an ga kuskure, shi ne tushen da aka gina ingancin Toyota a kansa daga baya. A 1926 aka kafa kamfanin ƙera waɗannan masaƙa a garin Kariya da ke lardin Aici.

A 1929 kamfanin Platt Brothers ya nemi sayen izinin ƙera masaƙar, aka daidaita a kan fam 100,000. Kiciro ne ya tafi Ingila don ƙulla cinikin. A wannan tafiya ya ga abubuwa biyu da suka tsaya masa a rai. A Amurka ya tarar titunan birane cike da motoci, a Oldham kuwa ya tarar garin da ya sani cikin wadata ya shiga halin rashin aikin yi, domin kasuwar saƙa ta faɗi. Daga nan ya fahimci cewa gidan da ya dogara ga masaƙa kaɗai, watarana zai wayi gari babu abin yi. Ya koma gida a 1930, ya fara gwajin ƙananan injunan fetur a wani lungu na masana'antar. A watan Oktoba na shekarar nan ne mahaifinsa ya rasu.

Daga Masaƙa Zuwa Mota

A wannan lokaci kasuwar mota a Japan tana hannun Amurkawa. Bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza Tokyo a 1923, ta lalata hanyoyin jiragen ƙasa, mutane sun ga amfanin mota ƙwarai. Kamfanin Ford ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Yokohama a 1925, General Motors ya buɗe nasa a Osaka a 1927. Manyan gidajen attajiran Japan sun ƙi sa kuɗinsu a wannan sana'a, suna ganin babu mai iya karawa da waɗannan ƙattai biyu. Ko a cikin gidan Toyoda ma, mijin ƙanwarsa, Risaburo, wanda yake riƙe da ragamar dukiyar iyali, ya yi ta ɗari-ɗari da al'amarin.

Duk da haka, a watan Satumba na 1933 aka buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙa. Kiciro ya sayi mota ƙirar Chevrolet, ya sa aka kwance ta ɗaya bayan ɗaya, ana auna kowane ƙarfe ana zana shi a takarda. Babbar wahalar da suka sha ita ce zubin gangar jikin inji. Ƙwarewarsu a zubin ƙarfen masaƙa ba ta wadatar ba, aka yi watanni ana zubawa yana fitowa da ɓaraka, ana jefarwa. Sai a 1934 suka sami inji na farko. A watan Mayu na 1935 aka kammala ƙaramar motar gwaji, a watan Agusta kuma aka fito da lori samfurin G1.

Wannan lori ba abin alfahari ba ce. Tana yawan lalacewa a hanya, musamman ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, wanda yakan karye idan an yi mata lodi. Abin da Kiciro ya yi a nan shi ne ya kafa wa kamfanin hali. Ya sa a riƙa zuwa duk inda motar ta tsaya a gyara ta, shi kansa yakan je ya shiga ƙarƙashinta ya duba, sannan a koma masana'anta a gyara tushen matsalar don kada ta sake aukuwa. Ya kuma jawo Shotaro Kamiya daga General Motors ya ba shi ragamar sayarwa, shi ne ya shimfiɗa tsarin dillalai a lardunan ƙasar.

A 1936 aka fito da motar shiga samfurin AA, kuma gwamnati ta yi dokar kare masu ƙera mota na gida, wadda Toyoda da Nissan suka sami lasisi a ƙarƙashinta. A shekarar ne aka sauya sunan motar daga Toyoda zuwa Toyota. Sabon sunan ya fi daɗin furtawa, kuma a rubutun Japanawa ja takwas ake yi wajen rubuta shi, adadin da suke ɗauka na sa'a ne. Ranar 28 ga Agusta, 1937, aka kafa kamfanin Toyota mai zaman kansa, Risaburo yana shugaba, Kiciro yana mataimakinsa.

Masana'antar Koromo da Shekarun Yaƙi

A watan Nuwamba na 1938 aka buɗe babbar masana'anta a garin Koromo. A nan Kiciro ya kawo wata dabara da rashin jari ya koya masa. Ya hana tara kaya a sito. Kowane sashe zai ƙera abin da ake buƙata ne kawai, a lokacin da ake buƙatarsa, gwargwadon adadin da ake buƙata. A ganinsa, kayan da ke jibge kuɗi ne da aka binne, kuma tsibin kaya yana ɓoye aibi.

Yaƙi bai bar shi ya gwada wannan tsari yadda ya kamata ba. Ya zama shugaban kamfanin a 1941, shekarar da Japan ta shiga yaƙi da Amurka, kuma soja suka mayar da masana'antar wurin ƙera musu lori. Ƙarfe ya yi ƙaranci har aka riƙa yin lori mai fitila ɗaya da gidan direba na katako. Ranar 14 ga Agusta, 1945, kwana ɗaya kafin Japan ta miƙa wuya, bam ya lalata wani ɓangare na masana'antar.

Rikicin 1950

Bayan yaƙi ƙasar ta shiga yunwa da tsadar kaya. Kiciro ya yi ta neman hanyar ciyar da ma'aikatansa, har da tunanin kiwon kifi. A 1947 ya fito da ƙaramar mota samfurin SA, amma ba ta yi kasuwa ba, domin mutane ba su da kuɗin saye. A 1949 hukumar mamaya ta Amurka ta sa aka tsuke bakin aljihun gwamnati don karya tsadar kaya. Kuɗi ya ɓace daga hannun jama'a, waɗanda suka sayi mota bashi suka kasa biya, Toyota ta wayi gari ba ta iya biyan albashi.

A ƙarshen 1949 Kiciro ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago cewa za a rage albashi, amma ba za a kori kowa ba. Bankuna 24, bisa jagorancin reshen Babban Bankin Japan na Nagoya, suka ba da rance, da sharaɗin a raba sashen sayarwa ya zama kamfani dabam, a kuma rage ma'aikata. Nan fa ya shiga tsaka mai wuya: idan ya cika alkawarinsa kamfanin ya mutu, idan ya ceci kamfanin ya karya alkawari. A watan Afrilu na 1950 aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, rikici ya ɓarke, aka yi kusan wata biyu ana yajin aiki. A ƙarshe sama da mutum 2,000 suka tafi. Kiciro bai ɗora laifin a kan bankuna ko ma'aikata ba. A farkon watan Yuni ya ajiye shugabanci, ya bi sahun waɗanda aka sallama, Taizo Ishida na kamfanin masaƙa ya gaje shi.

Ba a yi wata guda ba, ranar 25 ga Yuni, yaƙin Koriya ya tashi. Sojan Amurka suka yi odar dubban lori daga Toyota, kamfanin ya farfaɗo. An shirya mayar da Kiciro kan kujerarsa a 1952, amma ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma ajali ya riga shirin. Ya rasu ranar 27 ga Maris, 1952, yana da shekara 57.

Abin da ya Bari

Ɗan baffansa, Eiji Toyoda, da wani injiniya mai suna Taici Ono, su ne suka haɗa darasin masaƙa da dabarar Koromo suka zama tsari guda. A ƙarƙashinsa an ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layin aiki idan ya ga aibi. Sunan Land Cruiser na 1954, da motar Crown ta 1955, da Corolla ta 1966, da Hiace ta 1967, da Hilux ta 1968, duk bayan ransa suka fito. A 1959 garin Koromo ya sauya suna ya koma Toyota. A 2008 kamfanin ya zarce General Motors a yawan motocin da ya sayar a duniya.

Wannan suna ya iso Afirka ta hanyoyi masu daɗi da marasa daɗi. Bas ɗin Hiace ta zama abin hawan talaka a ƙasar Hausa, Land Cruiser da Hilux suka zama raƙuman masu ratsa hamada daga Agadas. Juriyar nan kuma ita ce ta sa mayaƙa suka so su, har aka kira faɗan Cadi da Libiya na 1987 da sunan yaƙin Toyota. Kamfanin kansa ya taɓa tuntuɓe. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, jikan Kiciro, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar Amurka ya ba da haƙuri, kuma a 2014 kamfanin ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye gaskiyar lamarin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Kiciro Toyoda bai ƙirƙiro mota ba, kuma motocinsa na farko ba su da inganci. Abin da ya gadar wa kamfanin shi ne ɗabi'ar bin aibi har tushensa, da ɗaukar alhakinsa idan ya auku. Ita ce ta sa ya shiga ƙarƙashin lori a 1935, ita ce ta raba shi da kujerarsa a 1950, kuma barinta ne ya jawo wa magadansa tarar 2014.