Hipatiya: Malamar Iskandariya da jita-jita ta halaka

A duk jami'ar da ake karantar da tarihin Girkawa da Rumawa, da wuya a kammala lacca a kan ƙarshen zamaninsu ba a ambaci Hipatiya ba. Ita kuwa ƴar nahiyarmu ce, domin a birnin Iskandariya na ƙasar Masar aka haife ta, tsakanin shekara ta 350 da 370 Miladiyya, lokacin da Masar take ƙarƙashin mulkin Rumawa.

Mahaifinta, Tiyon, babban masanin lissafi ne da ilimin taurari. Shi ne ya gyara littafin lissafi na Uƙlidis, gyaran da ɗalibai suka yi ta amfani da shi fiye da shekaru dubu. A hannunsa ta yi karatu, har ta taya shi aikin sharhin littafin taurari na Batlimus, wanda Larabawa suka sani da Almajisti. Daga baya ta yi nata sharhin a kan littattafan Diyofantus da Apoloniyus, sai dai babu ɗaya da ya iso gare mu ɗauke da sunanta.

Amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne koyarwa. Takan yafa mayafin da malaman falsafa maza suke yafawa, ta fito cikin gari ta yi bayanin koyarwar Aflatun da Aristotal ga duk mai son saurare. Ita ba Kirista ba ce, amma Kiristoci suna cikin ɗalibanta, ba ta tambayar addinin kowa. Ɗaya daga cikinsu, Sinesiyus, mutumin Libiya ta yanzu, ya zama bishop wajen shekara ta 410, kuma har ya mutu yana rubuta mata wasiƙu cikin girmamawa. A wata wasiƙar ma ya roƙe ta ta sa a ƙera masa na'urar auna kaurin ruwa. Ba ta taɓa aure ba, kuma manyan gari sukan je gidanta neman shawara.

Wannan kusanci da masu mulki shi ya jawo mata bala'i. A shekara ta 412 Siril ya gaji kawunsa Tiyofilus a kujerar bishop na Iskandariya, nan da nan kuma rigimar iko ta ɓarke tsakaninsa da gwamna Orestis, wanda shi ma Kirista ne. Abin ya yi tsamari har wani mai goyon bayan bishop ya jefi gwamna da dutse a ka, aka kama shi aka azabtar da shi har lahira. Da yake gwamna yana yawan ganawa da Hipatiya, sai aka baza jita-jita cewa ita ce ke hana su sulhu.

A watan Maris na shekara ta 415, lokacin azumin Kiristoci, wasu gungun mutane ƙarƙashin wani mai suna Bitrus suka tare ta tana komawa gida, suka fizgo ta daga keken doki, suka ja ta zuwa wani coci. Nan suka kashe ta da fasassun tukwane, suka ƙone gawarta. Wani marubucin tarihi Kirista na zamanin, Sokaratis na Kustantiniyya, ya yi tir da wannan aika-aika, yana ganin ta zubar da mutuncin cocin garin.

Akwai masu cewa da mutuwarta ilimi ya mutu a Iskandariya, ko kuma tare da ita aka ƙone babban ɗakin littattafan birnin. Ba haka ba ne: ɗakin ya riga ya lalace tun kafin nan, kuma an ci gaba da karantar da falsafa a garin har ƙarni na 6. Abin da ya tabbata shi ne, malamar da kowane ɓangare yake girmamawa ta rasa ranta a rigimar da ba tata ba, saboda maganar da babu wanda ya tsaya ya bincika.