Gerard De Geer: Ɗan firaministan da ya ƙirga shekaru a cikin laka

An haifi Gerard De Geer a Stockholm, babban birnin Suwidin, a 1858. Mahaifinsa, Louis De Geer, shi ne firaministan ƙasar na farko. Ɗan ma ya taɓa zama ɗan majalisa, amma laka ce ta ɗauke masa hankali.

A 1878 ya fara aiki a hukumar binciken ƙasa ta Suwidin. Ya lura cewa lakar da ta kwanta a gindin tsoffin tafkunan da narkakkiyar ƙanƙara ta cika tana da layi-layi. Lokacin zafi ƙanƙara kan narke, ruwa ya kwaso rairayi mai haske. Lokacin sanyi kuwa saman tafki kan daskare, laka mai laushi da duhu ta kwanta sannu a hankali. Layi biyu ke nan shekara guda. Duk wanda ya taɓa ganin kududdufi ya ƙafe a Zuru bayan damina ya san ruwa ba ya tafiya bai bar shaida ba.

A 1905 ya baza ɗalibai ashirin suna auna layukan a tsawon kilomita 200. A taron masana ƙasa na duniya da aka yi a Stockholm a 1910, ya gabatar da lissafin shekara 12,000 na yadda ƙanƙara ta riƙa ja da baya zuwa arewa.

Daga baya ya wuce gona da iri. Ya dage cewa layukan Suwidin sun yi daidai da na Amurka da Ajantina. Masana da dama suka ƙi yarda, kuma sun fi shi gaskiya. Ya rasu a 1943, matarsa Ebba ta ci gaba da aikin.